Ƙasusuwan Tenere: Abin da Yashi Ya Riƙe da Abin da Laka Ta Ɓoye

Duk yaron da ya tashi a Dawanau ya san sunayen garuruwan arewa tun kafin ya san inda suke. Kullum manyan motoci na barin kasuwarmu shaƙe da gero da dawa da masara, yaran mota na kiran Damagaram, Tanut, Agadas, fataken Nijar kuma suna sauke mana wake da dabino da kanwa. A bakin waɗannan fatake na fara jin cewa can bayan Agadas akwai wani fili da ƙasusuwa ke zube a ƙasa iya ganin ido, ba na raƙumi ba, ba na giwa ba, kuma wai kowanne ya zama dutse. Da Allah ya nufe ni da zuwa, a tsakiyar hunturu, cikin ayarin wani malamin ilimin duwatsu ɗan Nijar, sai na tarar fataken rage labarin suka yi, ba ƙari ba.

Ta Daura muka fita, muka tsallaka iyaka a Kongolam, muka bi Matamai zuwa Damagaram. Har nan ido bai ga baƙon abu ba, Hausa ce ake yi, fura ce ake damawa. Kuɗin ne kawai suka ɗaure mini kai: mai shayi ya ce dala ashirin, ashe sefa ɗari yake nufi, don su da biyar-biyar suke lissafi, kuma ƙaramar yarinya mai tallan ƙosai tana yin wannan lissafi ba tare da ta ɗaga kai ba. Sai da muka bar Tanut ƙasa ta fara sauya fuska. Kai da ka saba da wajenmu, inda gona ke jingine da gona, ba taƙi ɗaya da ba shi da mai shi, ga kuka ga ɗorawa ga gawo, ga jakuna na kai taki tun asuba, yi tunanin mota ta yi gudun sa'a guda cur ba ka ga kara ɗaya a tsaye ba, ba hayaƙin girki, ba ko ɗan akuya. Ruwan da ke sauka a Kano a damina ɗaya yakan kai milimita 800 ko fiye, na Agadas kuwa kaɗan yake haura ɗari. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe, rigar da ka wanke ta bushe kafin ka gama shanya ta biyu.

Agadas gari ne ja, launin ƙasarsa. Tun daga nesa ake hango hasumiyar babban masallaci, mita 27 ta zallar laka, itatuwa sun fito mata ta kowane gefe, an ce tun wajen 1515 aka fara gina ta. Na daɗe a gindinta ina ɗaga kai, ina tuna yadda damina ɗaya ke cinye katangar ƙasa a wajenmu in ba a yi mata yaɓe ba. Wani abin da na kasa sabawa da shi, a cikin Abzinawa namiji ne ke rufe fuska da rawani har ido kaɗai ya rage, ko shayi zai sha sai ya kai kofin ta ƙarƙashin amawali, mace kuwa fuskarta a buɗe. A nan aka yi shirin shiga Tenere: gangunan ruwa, gangunan mai, sojojin rakiya, wayar da ke magana da tauraron ɗan'adam a inda babu sabis, da wata 'yar na'ura da ke nuna wa direba inda yake a filin da ba hanya ba alama. Da muka kai bakin rairayi sai na ga direbobi sun sauka suna sace iskar tayoyinsu da hannunsu. Na tambaya cikin mamaki, aka ce taya mai laushi ce ke shimfiɗuwa ta hau yashi, mai tauri nitsewa take yi. Duk da na'urar nan, ja-gabanmu Ba'abzine shi ake kallo in an rikice, ya dubi kwanciyar jigawa da inuwa, ya miƙa hannu, a bi.

Daren hamada kuwa, ban san yadda zan kwatanta maka shi ba. Sanyin da muke kuka da shi a Kano yaro ne. Rana na faɗuwa zafin ya tsere gaba ɗaya, ruwan alwalar asuba ya zama kamar ana yanka yatsu. Ba sauro, ba haushin kare, ba carar zakara, shiru har sai ka ji bugun jininka a kunne. Ja-gaban ya kwaɓa garin alkama, ya share garwashi gefe, ya binne ƙullin a cikin yashi mai zafi, ya mayar da toka a kai. Na zuba ido ina cewa yau za mu ci ƙasa. Da ya tono, ya kakkaɓe, ya kankare da wuƙa, ya gutsuttsura a miya, ko ƙwayar yashi ɗaya haƙorina bai taɓa ba. Tagella suke ce mata. Bayan ta shayi hawa uku, na fari da ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe zaƙi zalla, sai cuku busasshe da ake tauna shi da dabino.

Gadufawa, filin nan da fatake ke ba da labari, tana kudu maso gabas da Agadas, tafiyar kilomita ɗari da wani abu. Da muka sauka daga mota na ɗauka baƙaƙen duwatsu ne aka watsa a tsakanin jigayi. Malam ya ɗauko ɗaya ya ɗora mini a tafi. Haƙori ne, tsawon babban yatsana, mai kauri, mai nauyi, mai santsi, sanyi ƙalau. Subhanallahi! Daga nan ido ya buɗe. Ga gaɓoɓin ƙashin baya jere cikin yashi, kowacce ta fi ƙarfin hannu ɗaya. Ga faffaɗan sulken bayan kada mai ramuka-ramuka. Ga ɓallin ƙoƙon kififiya, ga ɓawon kifi mai sheƙi kamar an shafa masa mai, ga kututturen itace da in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙarar dutse. Haka filin yake, siriri, ya miƙe fiye da kilomita ɗari, iska ta kwashe yashi ta bar su a fili.

Masu neman yuraniyom na Faransa ne suka fara kai labarin wurin ga masana, wani saurayi mai suna Philippe Taquet ya zo a tsakiyar shekarun 1960. A 1966 shi da France de Broin suka raɗa wa ƙaton kadan nan suna Sarcosuchus, wanda kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, tsawonsa kuma masana na sa shi tsakanin mita 9 da 12. A 1976 Taquet ya bayyana Ouranosaurus, dainoso mai cin ganye mai dogayen ƙasusuwa a gadon baya, wanda siffarsa ke tsaye a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo da ayarinsa a 1997 da 2000, suka tono Suchomimus, mai tsawon mita 11 da baki irin na kada da ƙatuwar ƙumba ta kamun kifi, da kuma Nigersaurus wanda zan dawo kansa. Masana sun ƙiyasta shekarun dutsen da kimanin miliyan 110. Hankalina bai iya ɗaukar wannan adadi ba, na bar wa Allah saninsa, na koma kan abin da idona ke gani.

Abin da idona ke gani kuwa shi ne ya hana ni sukuni. A wurin da babu ɗigon ruwa, duk inda na sunkuya kayan ruwa nake tsinta: kada, kififiya, kifi, har haƙoran gaiwa, wannan dai gaiwar da ke kwana cikin laka a fadamunmu. Na ce, “Malam, shin duniyar wancan zamani duk kadoji ne?”

Ya yi dariya ya ce, “Mutumin Kano, zo ka ga.”

Ya kai ni gindin wani ɗan tudun dutse da iska ta yanke, ya nuna mini jikinsa. Yashi ne mai gautsi ya daskare, kuma shimfiɗarsa ba a kwance take ba, layi-layi ne a karkace, wani ya hau kan wani, duk sun fuskanci gefe guda. Ya ce in je rafin Watari da rani in sa fartanya in yanki tudun yashi, zan ga irin wannan zane. Ruwa mai gudu ne kaɗai ke yin sa. Wato inda muke tsaye cikin manyan koguna ne, masu faɗi, masu jan yashi. Dabbar da ke zaune a cikin kogi, ko take wuni a bakinsa, a inda ake binnewa take mutuwa: yau ta faɗi, gobe yashi ya rufe ta. Wadda ke kiwo can kan tudu, nesa da ruwa, sai dai in ambaliya ta jawo gawarta. Ga shi kuma kada yana zubar da haƙora yana sake wasu duk tsawon rayuwarsa, kada ɗaya ya bar ɗaruruwa. Don haka yawan haƙoran da nake tsinta ba ƙidayar dabbobin zamanin ba ce. Zaɓin kogi ne.

Nan ne na gane, don aikin da na tashi ina gani ne. Mace in tana sheƙa, ta ɗaga ƙwarya ta zubo, iska ba ta tambayar wane ne gero wane ne ƙaiƙayi, nauyi kawai ta sani. Tsakuwa ta faɗo a gindin ƙafa, tsaba ta taru kusa, ƙaiƙayi ya tafi can. Wanda ya zo bayan an kwashe ya tarar da tsibin ƙaiƙayi kaɗai, in bai san sheƙa ba sai ya ce gonar ba ta yi ƙwaya ba. Ruwa haka yake yi wa ƙashi. Malam ya ce wani Ba'amurke, Michael Voorhies, ya gwada wannan a 1969: ya zuba ƙasusuwan tumaki da na wani irin dila na ƙasarsu a cikin kwatar da ya saki ruwa. Haƙarƙari da gaɓoɓin baya su suka fara tafiya, ƙasusuwan ƙafa suka bi a hankali suna gangarawa, ƙoƙon kai da muƙamuƙi suka zauna daram. Shi ya sa masani in ya tarar da wuri duk muƙamuƙai da haƙora, ya san ruwa mai ƙarfi ya wanke sauran. In ya tarar da dabba kwance gaɓa na bin gaɓa, kamar yadda aka samu Ouranosaurus kusan cikakke, ya san an rufe ta da wuri, tun jijiya na riƙe da ƙashi.

Nigersaurus ne ya fi ba ni tausayi a wannan sha'ani. Dabba ce mai tsawon mita 9, bakinta faffaɗa a miƙe, da haƙora sama da 500 jere a gaba, tana kiwo kai a ƙasa. Tana cikin waɗanda suka fi yawa a wurin, ɓaraguzanta ko'ina. Amma ƙasusuwanta cike suke da ramukan iska, wasu na kanta sirara ne har haske na ratsa su. Kogin da ya adana sulken kada lafiya lau, shi ne ya farfasa ta ya watsa. Taquet ya ga gutsattsarinta tun da wuri, amma sai 1999 aka samu abin da ya isa a raɗa mata suna, siffar kanta kuwa sai 2007 aka gama haɗa ta. Dabba ta cika gari amma ta kusa ɓacewa daga labari saboda rashin ƙwarin ƙashi! To ina ga kwaɗo, ina ga ƙadangare, ina ga 'yan ƙananan da ba su kai tafin hannu ba? Babu shakka sun rayu a bakin waɗannan koguna. Da wuya ka ga alamarsu, yashi mai gautsi ya niƙe su.

Da daddare na kwanta ina tunanin gida. Jaki ya mutu a bayan gari a Dawanau, me ke faruwa? Kafin la'asar karnuka sun zo, da can har da ungulu kafin su yi ƙaranci. Rana ta fasa ƙashin, damina ta jiƙa shi, garma ta juya shi, shekara kaɗan babu ko alama. Wata masaniya, Anna Behrensmeyer, ta yi shekaru tana bin mushe a dajin Amboseli na Kenya tun daga 1975, ta ga ƙashin da aka bari a sarari yawanci ba ya wuce shekara goma zuwa sha biyar ya ruguje, na ƙananan dabbobi ma ya riga haka. Ƙasarmu ta tudu ce, ruwa kwashewa yake yi daga gare ta, ba ya tarawa. Dutsen da ke ƙarƙashin gonakinmu kuma, wanda masu haƙar rijiya ke cin karo da shi, ya haura shekara miliyan 500, wuta da matsi ne suka ƙera shi a cikin ƙasa, ba ya riƙe ƙashi. Duk dabbar da ta taka ƙasar Kano a zamanin waɗancan kadoji, kuma lalle wasu sun taka, ta tafi ba ta bar wasiyya ba.

Kada ka ɗauka wanda ya zama dutse ya tsira. Iskar da ta tone shi ita ke cinye shi. Na ga ƙashin cinya da rabinsa na cikin dutse sumul, rabin da ke waje ya zama tsakuwa, yashi na gogarsa dare da rana. Masu tono in sun samu mai kyau sai su share gefensa da ƙaramar guduma da burushi, su ɗiga masa gam, su naɗe shi da yankakken buhu da aka tsoma a farin simintin nan da ake ɗaure karaya a asibiti, ya daskare, a juya shi, a ɗora a mota. Ƙato ɗaya sai mutum goma su taru a kansa.

Ba nisa da Gadufawa akwai Gobero, wurin da ayarin Sereno ya ci karo da shi a 2000 suna neman dainoso. Nan ba maganar miliyoyi ba ce, shekara dubu goma ne zuwa ƙasa, lokacin da Sahara take kore. Tafki ne a da, mutane suka zauna a kan jigayin bakinsa, suka binne matattunsu, kaburbura wajen 200. Na yi shiru a wurin, don 'yan'adam ne irinmu. An samu mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna hannu cikin hannu, an samu yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtse. A ƙasan tsohon tafkin ga ƙashin giwan ruwa, ga tarwaɗa, ga dorina, ga kada, ba su sha wahalar jan ruwa ba don tafki ba ya gudu. A kan tudu kuma ga jujin mutanen, ƙayar kifi da ƙasusuwan namun daji da ƙugiyoyi da masu na ƙashi. Malam ya ce a juji ba ruwa ne ya yi zaɓe ba, tukunya ce: abin da mutane suka ci shi ka gani, wanda ba sa ci ko ba sa iya kamawa ba ya ciki.

Muka komo Agadas muka yi yamma, nan kuma ƙasa ta sake riga. Akwai wani dogon gefen dutse da ake kira Tigidit, ya yi baka a kudu da garin, a gindinsa fili ne shimfiɗaɗɗe na jar laka, wadda in ta bushe take tsattsagewa, in ta sha ruwa kuma ba motar da ke ratsa ta. Kusa da Marandet, a wani wuri da ake ce wa Tawachi, aka kai mu ga wata dabba da ke kwance a inda ta faɗi. Na tsaya ta wajen wuya, na taka a hankali ina bin gaɓoɓin baya ɗaya bayan ɗaya har wutsiya, ƙafafuna na rawa. Wannan ita ce Jobaria, mai dogon wuya, tsawonta mita 18 zuwa 21, wadda Sereno ya bayyana a 1999. Abzinawa sun san ƙasusuwan tun kafin zuwan kowane Bature, makiyayansu ne ma ke nuna wa masu bincike wuraren, kuma daga wata halitta ta tatsuniyarsu aka ɗauko sunan. Abin lura, kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasusuwan jikinta an same su. An kuma tarar da manya da ƙanana a wuri guda, abin da ya sa masu tonon suka yi zaton ambaliya ce ta rutsa da su ta lulluɓe da taɓo.

Dubi bambancin. A Gadufawa iri-iri ne birjik, amma yawanci a warwatse. A nan iri kaɗan ne, Jobaria da Afrovenator mai cin nama wanda aka tono kusa da Ingal a 1993, da wasu 'yan tsiraru, amma wanda ka samu sai ka same shi kusan da kayansa duka. Laka ba ta jan gawa, rufe ta take yi a inda take, ta toshe iska, ta hana masu cin mushe. Fadama ce da ruwa ke malalowa ya kwanta, kuma ta girmi Gadufawa nesa ba kusa ba: da an ce shekara miliyan 135, binciken baya ya mayar da ita wajen miliyan 160. Laka tana da wata baiwar da yashin kogi ba shi da ita, tana riƙe sawu. A wannan fili akwai inda za ka ga tafin dainoso a jere a kan dutse, taku bayan taku, har gefen da taɓon ya tuttulo lokacin da ƙafar ta nitse. Na sa ƙafata da takalmi a cikin ɗaya, ta shige da sauran wuri. Dabbar ta wuce da ranta, ba ƙashi ba haƙori, amma ga shaidar wucewarta.

Ingal kanta gari ne na dabino da gishiri, inda Fulani da Abzinawa ke taruwa da dabbobinsu a ƙarshen damina don lasar ƙasa mai gishiri. Ba lokacin muka je ba, sai iska da raƙuma. Daga nan muka kama hanyar Abalak zuwa Tawa, Malam ya ce in lura, duk kilomitar da muka ci zuwa kudu maso yamma muna hawa kan dutsen da ya fi na baya ƙuruciya, don shimfiɗun sun ɗan kwanta ta wannan gefe, sabo a kan tsoho. A kan hanyar ya nuna mini wajen Ibesetan, inda Faransawa suka yi aiki a shekarun 1970. Can ne aka samu waɗanda na yi ta cigiya a Gadufawa: kwaɗi, ƙadangaru, macizai, tare da gaiwa da kififiya da kadoji. Ƙasar tafkuna ce da ruwa mai sanyin gudu, ƙasa mai laushi wadda ba ta niƙe ƙaramin ƙashi ba. Irin waɗannan ba a ganinsu daga tsaye, sai an durƙusa, ko a jiƙa ƙasar a tace ta a rariya a duba abin da ya rage da madubin ƙara girma. Ashe har mai neman ma yana cikin masu zaɓe, wanda ya zo neman ƙato ƙato zai gani.

Abin da ya fi girgiza ni sai da muka doshi gida na ji shi. Daga wajen Tawa zuwa Ƙonni, mu tsallaka Illela mu shiga ƙasar Sakkwato, duk a ƙarƙashin teku muke tafiya. Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, wani siririn teku marar zurfi ya sha ratsa Sahara yana ja da baya yana dawowa, ya kwanta a kan wannan yanki. Shi ya sa tuddan Dukamaje da Taloka da Gilbedi, a wajen Wurno da Goronyo da Gwadabawa, ba irin kayan Gadufawa suke bayarwa ba. Laka ce mai duhu ta gindin ruwan gishiri, a cikinta haƙoran kifin shak, kunkurun teku, macizan teku, kadoji masu siririn baki, da wasu manyan dabbobin ruwa dangin guza da damo masu filafilai a madadin ƙafafu. Akwai wata siririyar shimfiɗa da haƙora da gaɓoɓin kifi suka taru cunkus, inda igiyar ruwa ta wanke laka ta bar masu nauyi. Dabbar tudu kuwa nadiran ake ganinta, sai wadda gawarta ta kumbura ta yi iyo har cikin teku kafin ta nitse. A saman wannan laka akwai ta Dange, sannan farin dutsen Kalambaina da ake ƙona siminti da shi, cike da ƙwanson dodon koɗi na teku da wasu halittu masu ƙaya, don lokacinsa ruwan ya yi garau, laka ta daina shigowa.

Na tsaya a gefen wani tudu a wannan yanki, ga makiyayi da tumakinsa, ga mata na ɗibar ruwa, zafi na dukan ƙeya, ina tattara hankalina a kan cewa nan kifin shak ya yi farauta. Wannan fa ba Nijar ba ce, ƙasarmu ce, mota na kai ka daga Kano a wuni ɗaya. Tun 1930 wani Bature, William Swinton, ya yi rubutu a kan ƙasusuwan Sakkwato. Masanan Italiya suka zo wajen 1970 suka tono kan ɗaya daga cikin manyan dabbobin ruwan nan, a 1972 suka sa masa suna Goronyosaurus, da sunan Goronyo. Na yi makaranta a ƙasar nan, na kuma yi hira da ɗalibai da yawa, ban taɓa jin yaro ɗaya ya ambaci wannan suna ba, alhali a Agadas har direba da mai shayi na iya kwatanta maka inda ƙasusuwansu suke. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi. Kan dabbar yana ajiye a birnin Florence na Italiya, ƙasusuwan da Swinton ya duba kuma suna Landan, ɗan Goronyo da ke son ganin abin da aka tono a bayan garinsu sai ya nemi biza.